Batirin haibirid ya gaza a Kano: faci, na Beljiyam, ko sabo dal?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, motocin haibirid, masu tafiya da injin mai haɗe da babban batir, suka fara shiga ran mutanen Kano. Prius ɗin da a da ake wucewa ba a ko taya ta, yau ita ake nema, haka ma Camry mai batir. Wanda ke bin Titin Katsina kullum da safe daga Kurna zuwa cikin gari ya san rabin mansa a tsaye yake ƙonewa cikin cunkoso. Ita kuwa haibirid, da ta tsaya sai injin ya mutu, batir ya riƙe ta.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne shekarun batirin. Yawancin waɗanda ke shigo mana Prius ne na 2004 zuwa 2015 da Camry na 2007 zuwa 2011. A yawancin jihohin Amurka, garantin da aka ba batirin waɗannan motoci shekara 8 ne ko mil 100,000, kuma ya ƙare tun kafin a ɗora motar a jirgin ruwa. Don haka ranar tana nan tafe da jan alwatika zai kama a dashbod, ko allo ya rubuta maka a duba tsarin haibirid, mota ta yi nauyi, injin ya ƙi hutawa, fankar bayan kujera ta yi ta gurnani. A ranar nan ne mutane suka fi yin asara, domin a firgice suke yanke shawara.

Kafin ka taya batir ko guda, a tabbatar shi ne ya mutu. Na taɓa ganin an sauke babban batir gaba ɗaya, an kwana uku ana faman nema, ashe ƙaramin batirin bolt 12 da ke cikin but ne ya yi sanyi. Wannan ƙaramin ba shi ke tayar da injin ba, don motar ba ta da kik ko altaneta irin na sauran motoci. Aikinsa ya tashi kwamfutocin motar, kuma idan ya raunana sai su riƙa kunna fitilun gargaɗi barkatai. Shi za a fara aunawa. Daga nan a jona na'urar sikanin da ke iya karanta ɓangaren haibirid, irin Techstream ta Toyota, ko manhajar Dr. Prius a waya tare da 'yar na'urar OBD2 da ke haɗa wayar da kwamfutar motar. Cikin lambobin da sikanin ke fitarwa, P0A80 ita ce ke nuna batirin kansa. P0A93 kuwa zancen sanyaya inbata ne, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa wadda ke tafiyar da motar, kuma a Prius na 2004 zuwa 2009 sau da yawa ɗan famfon ruwan inbata ne ya tsaya, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da na batir ba. P0AA6 na nufin wuta mai ƙarfi tana yoyo zuwa jikin mota. Wannan ta ƙarshe ta shafe mu ƙwarai a Kano, saboda kwamfuresar esin haibirid da wutar babban batir take aiki, kuma man da take sha na musamman ne, ND-11. Mai ɗura iskar esi a bakin titi idan ya zuba mata man da ya saba zuba wa sauran motoci, yana iya jawo wannan lambar, a zo a ɗora wa batir laifi.

Ko P0A80 ɗin ce ta fito, a buɗe a duba ƙananan farantan jan ƙarfe da ke haɗa ƙwayoyin batirin. Idan sun yi kore da tsatsa, kwamfuta kan karanta ƙarya. Wani lokaci wanke su ko canza su shi ne maganin. Amma fa buɗewar ba aikin kowane rewaya ba ce. Batirin Prius bolt 201.6 ne, na Camry 244.8, na Highlander da Lexus RX400h kuwa 288. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo kisa take yi. Idan ka ga mai gyara zai sa hannu bai zare makunnin tsaro na jikin batir ba, bai jira wuta ta sauka ba, ba kuma safar roba mai jure bolt 1,000 a hannunsa, ka ɗauke motarka. Rayuwarsa ma abar tausayi ce.

To, an tabbatar batir ne. Hanyoyi huɗu ke gabanka, kuma ba za ka gane bambancinsu ba sai ka san yadda cikinsa yake. Batirin Prius ƙwayoyi 28 ne a jere kamar littattafai a kanta, na Camry 34. Kamfani na ce musu modul, makanikanmu na cewa sel. Kowace ƙwaya bolt 7.2 ce, kuma tana sabuwa tana ɗaukar amfiya-awa 6.5, ma'aunin yawan cajin da take riƙewa ke nan. Kwamfuta tana sa musu ido bibbiyu, wato rukuni 14 a Prius, da ta ga wani rukuni ya faɗi ƙasa da 'yan uwansa sai ta kunna fitila. Na tsakiya ne suka fi saurin mutuwa, don su zafi ya fi dafawa.

Hanya ta farko ita ce faci: a zare ƙwayar da ta mutu a sa wata. Ita ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma da yamma za ka koma gida da motarka fitila a kashe. Matsalar ita ce sauran 27 ɗin tare aka haife su da wadda ta mutu, zafi ɗaya suka sha, nauyi ɗaya suka ɗauka. Wadda aka sa kuma ba lallai ƙarfinta ya dace da nasu ba. Idan ta fi su ƙarfi, rukuninta ya bambanta. Idan ta fi su rauni, ita za ta riga su faɗuwa. Ni ma faci na fara yi a tawa motar. Mai gyaran ya ɗora mita a kan kowace ƙwaya, ya ce ɗaya ce kawai, ya canza. Kafin damina ta wuce na koma sau biyu, kowane zuwa da sabuwar ƙwaya da kuɗin aiki. Mita ba ta nuna gajiyar ƙwaya sai an ɗora mata nauyi, kuma auna 28 ɗaya bayan ɗaya aikin kwanaki ne. Wanda ya ce ka je ka yi sallar azahar ka dawo ka ɗauka, bai auna ba. Faci yana da ranarsa: ga wanda kuɗi ya yanke masa kuma da motar yake kai yara makaranta, zai ba shi watanni ya tara. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi faci don a sayar da mota a rufe bakin aibi. Ɓoye aibin haja cin amana ne, kuma wani bawan Allah ne zai kwana da shi.

Ta biyu ita ce haɗaɗɗen batir, wanda wasu ke kira gyararre. Mai sana'ar yakan tara ƙwayoyi daga batura da yawa, ya yi ta cajinsu yana saukewa, ya ware masu ƙarfi iri ɗaya ya jera su a akwati guda. Idan an yi shi da gaskiya ya fi faci sosai. Sai dai kyansa duk yana hannun mutumin da ya haɗa. Caji da saukewa kan dawo wa gajiyayyiyar ƙwaya da wani ɓangare na ƙarfinta, amma ba ya tayar da matacciya. Ka nemi ya nuna maka takardar da ya rubuta ƙarfin kowace ƙwaya. Idan lambobin suna kusa da juna kuma ba su yi nisa ƙwarai da 6.5 ba, ana iya magana. Idan babu takarda, to faci ne mai tsada.

Ta uku ita ce wadda mutanenmu suka fi amincewa da ita, na Beljiyam: cikakken batir da aka ciro daga motar da ta yi haɗari a waje, ya biyo ta Ladipo a Legas ko ta Kwatano ya iso Ƙofar Ruwa. Alherinsa shi ne ƙwayoyin tare suka tashi, ba a gauraya su ba. Idan ka dace da wanda ya fito daga mota mai ƙarancin shekaru, ka yi sa'a babba, kuma ƙwayoyin Prius na 2010 zuwa 2015 suna zama a akwatin na 2004 zuwa 2009, don haka mai tsohuwar yana iya amfana da batirin da ya fi motarsa ƙuruciya. Amma sunan Beljiyam ba ya gaya maka komai game da shekaru. Batirin motar 2008 da aka sauke jiya daga kwantena tsoho ne kamar naka. Irin wannan batir na nikel yana zubar da cajinsa da kansa idan ya daɗe a ajiye, kuma wanda ya yi watanni a shagon kwano cikin zafin Afrilu, lokacin da gari kan haura digiri 40, ya sha wahala ko da bai taɓa motsa mota a Najeriya ba. Akwai kuma waɗanda suka fito daga motocin da ambaliya ta cinye.

Don haka kada ka saya a rufe. Ka je da mai gyaranka a cire murfin a gabanka. Kowace ƙwaya tana da lamba a samanta, kuma farkon lambar yana nuna ranar da aka ƙera ta. Idan duka sun yi daidai da juna, batirin bai taɓa gauraya ba. Idan ka ga uku sun fita daban, an riga an yi masa faci a wani wuri. A duba kumburi a gefen ƙwayoyin, da farin gishiri a bakinsu, da tabon laka a ƙasan akwatin, da alamar sufana a kan notuna. Sannan a ɗaura shi a mota a fita da waya a jone, a taka totur sosai, a taka birki, ana kallon rukunan nan ko suna tafiya tare. Garantin baki ba ya amfani a nan. A rubuta kwanakin a jikin rasit, a kuma rubuta cewa canji za a yi ko mayar da kuɗi.

Ta huɗu sabo. Na asali, wanda kamfanin da a da yake na haɗin gwiwar Toyota da Panasonic ya daɗe yana ƙerawa a Japan, shi ne kaɗai zai mayar da agogo baya gaba ɗaya. Da dala ake kawo shi, kuma a kan tsohuwar Prius kuɗinsa kan cinye kaso mai yawa na darajar motar kanta. Akwai kuma sababbin da ake kawowa daga Sin, wasu na nikel masu siffar gwangwani, wasu na litiyam. Na nikel ɗin sun dace da yadda kwamfutar motar ta san caji, amma ingancinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai ka nemi wanda ya yi shekara biyu da shi a garin nan ka ji daga bakinsa. Na litiyam ya fi sauƙin nauyi, ana kuma yabon ƙarfinsa. Duk da haka ni ba zan sa shi a motar da aka haifa da nikel ba, domin kwamfutarta da ma'aunin zafinta don nikel aka tsara su, litiyam kuwa ba ya yafe wuce gona da iri a caji ko a zafi. Sababbin motocin da suka zo da litiyam daga kamfani, kamar wasu Prius daga 2016 da wasu Camry daga 2018, zancensu daban ne. A kuma yi hattara da "sabo" na kwali: tsofaffin ƙwayoyi da aka goge aka sa a sabuwar leda. Lambar ranar ƙira ita za ta tona.

Wanne zan ce ka ɗauka? Ka fara duba sauran motar. Prius na 2010 zuwa 2015 tana da halin toshewar bututun da ke mayar da hayaƙi cikin injin, abin da kan kai ga ƙonewar gaskit. Camry na 2007 zuwa 2011 an san injinta da shan baƙin mai. Famfon birkin lantarki na waɗannan motoci shi ma idan ya lalace kuɗi ne mai nauyi. Motar da ke girgiza da safe, tana rage ruwa, famfon birkinta na ƙara ba ƙaƙƙautawa, ba ta cancanci sabon batir ba, na Beljiyam da aka gwada ya ishe ta. Idan kuwa injin lafiya lau yake kuma kana da niyyar riƙe ta shekara biyar, ko da ita kake haya daga safe zuwa dare, sabo na asali ya fi araha idan ka lissafa kwanakin da za ka kwana a gareji da sauran hanyoyin. Haɗaɗɗe sai a hannun wanda ka ga aikinsa a motar wani.

Duk wanda ka sa, ranar ɗaura shi a wanke fankar batirin da bututunta. Iskar da ke sanyaya shi daga cikin mota take shiga, a Prius ta wata 'yar taga da ke gefen kujerar baya ta dama, kuma ƙurar hunturu tana toshe fankar kamar an lika mata auduga. Sabon batir a bayan toshasshiyar fanka hanyar tsohon zai bi. A maimaita wankin duk ƙarshen hunturu, kada kuma a jingina jaka ko babbar riga a bakin tagar. Kunna esi da rana yana taimakon batirin, ajiye mota a inuwa ma haka. Kada ka bari mai ya ƙare ƙarƙaf kana tuƙi da batir don ka kai gidan mai, domin babban batirin ne ke tayar da injin, idan ya sauka ƙasa sai an nemo caja ta musamman. A cikin cunkoso ko wurin wanki kada a bar giya a N, a nan ba ta caji. Mai tafiya Umara ko aikin Hajji ya bar wa wani amintacce makulli ya riƙa kunna ta lokaci-lokaci, fitilar READY ta kama, ta yi kamar rabin awa a fili. Ruwan Agusta kuma idan ya cika titi har ya kai ƙofar mota, a juya a nemi wata hanya.

Tsohon batirin da aka cire maka kuɗi ne, don a cikinsa akwai ƙwayoyi masu rai da za a sayar wa masu faci. Ka yi cinikinsa daban tun kafin a kwance noti na farko, a rage maka daga kuɗin wanda za ka saya, ko ka sa shi a but ka tafi da abinka.