Sharhi kan Suboxone ga mai jarabar ƙwaya da ke fama da wata cutar

A cikin magungunan da ake ba masu jarabar kodin, tiramol ko hiroyin, Suboxone ne hankalina ya fi kwanciya da shi, muddin likitan ya san duk abin da majinyacin ke sha.

Haɗin magani biyu ne: bufrenofin, mai rage ƙishirwar ƙwaya, da nalokson, mai toshe aikin irin waɗannan ƙwayoyin, miligiram 8 na farkon da 2 na biyun, ko 2 da 0.5. A ƙarƙashin harshe ake sa ƙwayar ta narke, minti biyar zuwa goma. Wanda ya haɗiye ya yi asara, don hanta za ta lalata mafi yawansa.

Ranar farko aka fi yin ɓarna. Bufrenofin ya fi sauran ƙwayoyin riƙo a ƙwaƙwalwa, sai ya ture su, alhali ƙarfinsa bai kai nasu ba. In an ba mutum da wuri, nan take zai shiga amai, gudawa da ciwon gaɓoɓi, da wuya kuma ya sake yarda da maganin. A bari a ƙalla awa 12 bayan shan ƙwaya na ƙarshe, har hamma, zufa da buɗewar ƙwayar ido su bayyana. Mai shan metadon, wani maganin jarabar da ke daɗewa a jiki, ya fi haka jira. A fara da miligiram 2 zuwa 4, a riƙa ƙarawa. Da yawa suna daidaita a wajen 16 a rana.

Sai cuta ta biyu. Mai tarin fuka da aka ɗora wa rifamfisin, hantarsa za ta riƙa kawar da bufrenofin da sauri, cikin 'yan kwanaki ƙishirwar ƙwaya ta dawo, a ɗauka taurin kai ne. Gyaran adadin maganin yake buƙata, ba faɗa ba. Mai cutar ƙanjamau da ke kan dolutegrabir ba shi da wannan matsalar. In ciwon hanta ya yi tsanani, nalokson na taruwa a jini, don haka a auna hanta tukuna.

Haɗa Suboxone da giya, ko magunguna masu sa barci irin su diyazefam da firegabalin, na iya tsayar da numfashi. Masu rashin barci kan faɗa nan, saboda wani likitan daban ya rubuta musu irin waɗannan magungunan.

Aibinsa: yana cin haƙora, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a 2022. A kurkure baki da ruwa bayan ya narke, a jinkirta goge haƙora awa ɗaya.