Takobin kakanka, namu ne na Hausa da Buzaye ko na Sudan?

Salam Alhaji. Na ga hotunan da ka turo jiya da daddare na takobin da ka gada wajen kakanka, wanda ka taho da shi Agege daga gida, ka ce wani ya ce maka na Buzaye ne wani kuma ya rantse na Sudan ne. Toh bari in ajiye maka su biyun kusa da juna, dan daga nesa kamarsu ɗaya, duka miƙaƙƙu ne masu kaifi biyu.

Fara da mariƙi. Namu na ƙasar Hausa da Abzin, wanda Buzaye ke kira takoba, abin nan da ya gitta tsakanin ruwan takobi da hannu faffaɗa ne kamar ɗan allo, kuma a rufe yake da fata ko tagulla, da wuya ka ga baƙin ƙarfe tsirara a wajen. Na Sudan kuwa, wanda masu tara kayan tarihi ke ce wa kaskara, ƙarfe ne siriri tsirara, ƙarshensa biyu sun ɗan buɗe, da ɗan harshe da ya sauko kan ruwan. Kan mariƙin kaskara shafaffe ne kamar ƙaramin faifai, namu kuma a tashe yake, na baya-bayan nan ma tagulla ake jerawa hawa-hawa.

Sai kube, nan ne ma abin ya fi fitowa fili. Kuben kaskara yana zuwa kusa da ƙarshe sai ya yi faɗi kamar ganye kafin ya tsuke, namu baya haka, sai dai ka ga aikin dukawa da zane a jikin fatar. A hotonka na uku kuben ya buɗe a ƙasa, ƙarfen gittawar kuma tsirara yake har da tsatsa, ni dai a ganina haɗin Sudan ne wannan. Kuma ba abin mamaki bane a gidan Bahaushe, kakanninmu ta ƙasa suke zuwa Hajji, su ratsa Borno da Wadai da Darfur, wasu su yi shekaru a Sudan suna noma kafin su wuce, wasu ma bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka yi da Turawan Ingila can suka zauna, shine garin Mai Wurno. Ka tambayi tsoffin gidanku ko marigayin ya yi wannan tafiya.

Amma ruwan takobin maganarsa daban, anan mutane ke ruɗewa. Watanni biyun nan masu fuska, wato zanen wata da aka buga a jikin ruwan, da ka nuna kusa da mariƙi ana samunsu a duka biyun, asalinsu tambarin maƙeran Turai ne, maƙeranmu suka ga ana daraja shi suka riƙa bugawa a nasu. Ruwan takubba da yawa daga Solingen ta Jamus aka kawo su ta hamada, Bature Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ƙiyasta ana shigo da kusan 50,000 a shekara, a Kano ake musu mariƙi da kube a wuce da su gaba. Kaga kenan ruwa na iya zama na Jamus, mariƙi na Darfur, kube kuma an sake shi sau uku dan fata ba ta kai ƙarfe kwana. Duba kwarmin da ke tsakiyar ruwan, na Turai santal yake a miƙe, na maƙeran gida yakan ɗan karkace kuma zurfinsa ba ɗaya ba. Irin waɗanda ake kasawa a kasuwar Jakande ta Lekki dan baƙi, da yawansu sabbi ne da aka shafa musu tsufa, da ka ɗaga ka ji nauyin ka gane.

Dan Allah Alhaji kar ka bari kowa ya goge shi da sanfefa, wallahi na ga takobi mai kyau da aka kankare masa tambari gaba ɗaya wai ana so ya yi ƙyalli, har yau abin na min ciwo. Danshin Legas ɗin nan ba ya ragawa ƙarfe, ka zare shi daga kuben, ka shafa masa ɗan man keken ɗinki da tsumma mai laushi, ka ajiye su daban. Sannan ka ɗauko min hoton watannin nan da rana, kusa sosai, gefe biyun, ka kuma auna min tsawon ruwan da tef ɗin tela.