Gargaɗi: mai feshin maganin ƙwari ya cinye min dubu 45

Dubu 45, jama'a. Naira dubu 45, kuɗin riɗina, a kan ƙwaron da ashe ko katakon ba ya ci!

Ƙaton baƙin ƙwaron nan nake nufi, mai kama da ƙudan zuma, mai ƙugi, wanda ke huda katakon rufi ya bar rami zagayayye kamar ɗan yatsa zai shiga, gari na zubowa ƙasa. Tun bara suka addabi rumfar ƙofar gidana. Ran Juma'a a kasuwar Wudil na haɗu da mutumin, gorar feshi a baya, riga mai tambari, har da kati a wuya. A'a, kafin nan ma na taɓa ganinsa a garinmu yana feshi a wani shago, shi ya sa na saki jiki. To ku gaya min, wa zai ƙi yarda?

Ya zo ya ɗaga kai, ya ƙwanƙwasa katakon da mukulli, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, sarauniyarsu na ciki. In damina ta faɗi rufin nan kan yaranka zai sauko." Kan yaranka. Maganar nan ce ta kashe min jiki, har yanzu ina jin ta a kunnena. Na ƙirga masa dubu 25 a hannu, dubu 20 na tura ta wurin mai POS. Har ruwan alwala na ba shi, tare muka yi La'asar!

Kada wani ya ce min wauta ce. Shekara 20 ina saye da sayarwa, ba a taɓa yi min haka ba. Da ya yi feshin, uwargida ta ce warin kananzir take ji da sabulu, na ce ta yi shiru, ita me ta sani. Yanzu ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Kwana uku ƙwarin suka dawo. Sai da kafinta ya zo ya duba, ya yi dariya ya ce, "Baba, waɗannan ba su da sarauniya, ba sa zuma. Kowace mace ita ke haƙa raminta ta yi ƙwai, garin da kake gani shi ne abin da ta fitar. Namijin da ke shawagi a fuskarka ma ba ya harbi. Gara ce ke cin katako, ita kuwa ƙasa take bari." Ya ce a zuba magani a ramin da dare, bayan 'yan kwanaki a toshe da tsinke da gam, a shafe katakon da fenti, don busasshen katako marar fenti suke bi. Duka bai kai dubu 5 ba. Ni kuwa dubu 45.

Af, ranar da ya yi feshin ma ya nemi ƙarin dubu 10 wai na zagaye na biyu, Allah ya taimake ni babu a aljihuna. Wayarsa a kashe tun Litinin. Rasit ɗin POS na nan, da hotonsa da yarona ya ɗauka yana feshi, zan saka su in na samu caji.

Kada ku biya kowa kafin aiki. Ku fara kiran kafinta. In kuma ƙudan zuma ne na gaske suka tare muku, ku nemi mai amya ya kwashe abinsa.

Dubu 45. Allah ya isa.