Wata uku ina aiki da FancyZones a kan allo biyu

Sana'ata buga takardu ce, galibi furojet ɗin ɗalibai da takardun neman kwangila. Da na ƙara wa kwamfutata allo na biyu a shago, sai na kafa shi a tsaye don shafin A4 ya fito cif ba sai na yi ta gangarawa ba. Daɗin bai daɗe ba. Wuni nake yi ina jan taga da maus daga wannan allo zuwa wancan, ina daidaita gefenta kamar mai rataya labule. Ƙanena ne ya gaji da kallona ya ce, "Yaya, ka sauke PowerToys mana, ai kyauta ne." Tarin ƙananan manhajoji ne na Microsoft, suna ne tun zamanin Windows 95 da aka farfaɗo da shi a 2019, kuma FancyZones ɗaya ne daga cikin kayan da ke cikinsa.

Aikin FancyZones shi ne ka yanka allonka gida-gida yadda kake so. Win (madannin da ke da tambarin Windows) da Shift da madannin nan na ƙasan Esc ke buɗe wurin zanen, kuma kowane allo da nasa tsarin. Na kwancen na raba shi uku: Word a tsakiya da faɗi, WhatsApp a siririn gefe inda kwastomomi ke turo hoton rubutun hannu, Excel a ɗaya gefen. Na tsayen kuwa biyu, sama da ƙasa. Kana riƙe Shift ka ja taga, gidajen su bayyana da launi, ka sake ta, ta zauna daram. A allon tsayen nan ne na fi ganin amfaninsa, don raba shi hagu da dama ba ya haifar da komai sai tagogi kamar tsinken tsire.

Sai dai in faɗi gaskiya, abin da ya fi sauƙaƙa mini aiki ba ma a cikinsa yake ba. Win da Shift da kibiyar hagu ko dama na cilla taga zuwa ɗaya allon nan take, kuma wannan yana nan tun Windows 7 ta 2009. Shekaru ina zaune da shi ban sani ba! Wanda ke kan Windows 11 ma ya fara gwada Win da Z, wataƙila tsarin da zai gani ya ishe shi.

Kwana biyu na yi ina zargin manhajar da ƙin kama wata taga, ashe ni ne ban gane ba: tagar da aka buɗe da izinin admin ba ta biyuwa sai shi ma PowerToys an buɗe shi da wannan izinin. Sai kuma batun wuta. UPS ɗina allo ɗaya yake ɗauka, don haka da an ɗauke wuta na tsayen ya mutu, tagogin duka su taru a kan ɗayan kamar kaji da magariba. Akwai zaɓin da ke mayar da taga gidan da ta zauna a baya, na kunna shi, ya rage mini wahala, amma wani lokacin sai na sa hannu.

Ƙananan abubuwa biyu na samu a cikin PowerToys a matsayin gyara. Win da Ctrl da T na liƙe taga a saman sauran, da shi nake ajiye kalkuleta ina lissafin kuɗin shafuka. In kuma kibiyar maus ta ɓace mini tsakanin allunan, Ctrl na hagu sau biyu sai ta haskaka. Yaron shagona har yanzu da maus yake jan komai, ya ce yatsunsa ba su kai Shift da Win lokaci ɗaya ba.