Allurar ƙanƙara: saƙo daga Ingila zuwa Tudun Wada

Yaya, barka da hunturu. Ka tambaye ni ko da gaske ana kashe ciwon daji da sanyi a nan. Da gaske ne, a sashen da nake aikin jinya ma ana yi, sai dai 'yan WhatsApp sun ƙara wa labarin gishiri.

Majinyaci zai kwanta cikin na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki, likita ya soka siraran allurai ta fata har tsakiyar ƙarin da ke ƙoda. Sai a tura iskar argon cikin alluran, bakinsu ya daskare, ƙanƙara ta taru ta kewaye ƙarin kamar ƙwai. A allo kana kallonta tana girma, likita kuma idonsa na kan hanji kada ta taɓa shi. Sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili ne ke farfasa ƙwayoyin ciwon. A bari ta narke, a sake daskarewa karo na biyu. Ba yanka, ba ɗinki, filasta kawai. Galibi washegari mutum ya koma gida da ƙodarsa.

Amma fa sai ƙarin ƙarami ne, wanda bai wuce santimita 4 ba. Yawancin waɗanda muke yi wa, wata larura dabam ta kai su hoto, aka tsinci ƙarin tun bai fara damunsu ba. Mu kuwa sai an gama jiƙe-jiƙe da turare, ciwo ya ci jiki, sannan a nemi motar zuwa asibitin koyarwa na Shika. A lokacin ko Landan aka kawo mutum, iyakar allurar nan ta rage masa raɗaɗi in ciwon ya kai ƙashi.

Kada ka ɗauka komai a banza ake samu. Ba a karɓar kuɗi a bakin ƙofar asibiti, amma haraji na cin albashi, yawancin masu biza kuma suna biyan fam 1,035 kowace shekara. Ganin likita sai an bi layi, kemis ma ba zai sayar maka da ko amfisilin ba sai da takarda.

Akwai irin wannan aikin da ba sai an fita waje ba. Ana shafa ruwan binega a bakin mahaifa, wurin da ya soma lalacewa ya yi fari, a daskarar da shi cikin mintuna kaɗan tun bai zama sankara ba. Don Allah ka sa Anti ta tambaya a asibiti, kuɗin mota da na gwaji suna wuyana. A gaida Inna da yara.