Na biya ƙwararriya ta gyara mini takardar harajin da na riga na miƙa a Amurka

'Yan'uwa mazauna Amurka, musamman mu na Bronx masu aikin kula da tsofaffi a gidajensu, idan kun miƙa takardar haraji sai wani abu ya ɓullo daga baya, shawarata ku nemi wanda ake kira Enrolled Agent, wato ƙwararren haraji mai lasisin gwamnatin tarayya, mai ofishin da ke buɗe rani da damina. Na gwada wata, kuɗina kuma bai tafi a banza ba, ko da yake akwai inda aikin nata bai yi mini daɗi ba.

Takardar harajin 2023 tun Fabrairun 2024 na miƙa ta, a wani shagon unguwa irin waɗanda ke buɗewa a Janairu su ja ƙofa da zarar 15 ga Afrilu ta wuce. Rarar kuɗina ta shigo, na ɗauka an gama. Wajen Babbar Sallah sai kamfanin da nake yi wa aiki ya aiko da W-2c, wato gyararriyar takardar albashi, wai a ta farko ba a lissafa wasu awannin ƙarin aiki ba. Albashi ya ƙaru, dole lissafin haraji ya canza. Na koma shagon na tarar da kwaɗo a ƙofa, lambar wayarsu ma ba ta shiga.

Abin da ya fara burge ni da matar nan, wato Enrolled Agent ɗin da na je wurinta bayan haka, ba ta yi gaggawar karɓar kuɗina ba. Sai da ta duba ko gyaran ma ya zama dole. Ta ce idan kuskuren tarawa ko ɗebewa ne kawai, hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, da kanta take daidaitawa ta aiko da wasiƙa. Idan kuma wasiƙar CP2000 ce ta zo, wadda ke cewa abin da mutum ya rubuta bai yi daidai da abin da ma'aikatarsa ko bankinsa suka kai rahoto ba, wasiƙar ake amsawa. Amma canjin kuɗin shiga, ko matsayin aure, ko yawan yaran da ke ƙarƙashin mutum, ko rangwamen da aka tsallake, wannan sai fom 1040-X, wato fom ɗin gyara takardar harajin tarayya. Nawa na cikinsu.

Ta juyo da kwamfutar ta fuskance ni, muka bi fom ɗin tare. Layuka uku ne a jere: A abin da aka rubuta da farko, C abin da yake daidai, B bambancin da ke tsakani. Akwai kuma gurbin da ake rubuta dalilin gyaran, ta rubuta shi a jimla biyu ta karanta mini. Shekara da shekaru ina sa hannu a takardun haraji a ƙasar nan, ba wanda ya taɓa nuna mini daga ina lambobin suke fitowa. A shago abin da ake faɗa wa mutum ɗaya ne: ga abin da za a dawo maka da shi, sa hannu nan.

A cikin wannan bibiyar ne ta tambaye ni ko na yi karatu a shekarar. Na ce eh, na ɗauki darussan share fagen aikin jinya a kwaleji, da kuɗin aljihuna, kuma takardar 1098-T, wadda kwaleji ke bayarwa kan kuɗin makaranta, tana cikin ambulan da na ba masu shagon. Ta buɗe tsohuwar takardar, babu ko alamarta. Akwai rangwamen karatu mai suna Lifetime Learning Credit, kashi 20 cikin ɗari na dala 10,000 ta farko da aka kashe, bai wuce dala 2,000 ba, ana nemansa da fom 8863. Harajin da ke kan mutum kawai yake ragewa, ba a ba da abin da ya haura, amma a wurina ya shafe ƙarin da W-2c ya jawo har ya bar rara. Na shiga ofishin da shirin biya, na fito gwamnati ce za ta biya ni. Har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna mutum nawa a unguwarmu ke da irin wannan takarda kwance a ambulan.

Masu irin wannan haƙƙi kuwa su sani yana da wa'adi: shekara 3 daga ranar da aka miƙa takardar farko, ko shekara 2 daga ranar da aka biya harajin, duk wanda ya fi nisa. Ya wuce, kuɗin sun tafi. Wanda gyara ya nuna ana bin sa kuma, kada ya zauna jiran a kammala duba fom ɗin kafin ya biya, domin kuɗin ruwa na hawa tun daga wa'adin Afrilu, ga tarar jinkirin biya ta rabin kashi ɗaya cikin ɗari kowane wata idan ba a biya cikin kwana 21 da aiko da takardar neman biya ba. Mu da ba ma son kuɗin ruwa ya shiga sha'aninmu, wannan kaɗai ya isa dalilin hanzari.

Ta intanet ta tura, abin da ya yiwu tun 2020, kafin nan sai ta gidan waya. Ta nuna mini shafin Where's My Amended Return, inda ake sa lambar Social Security da ranar haihuwa da lambar ZIP. Sai kamar mako 3 kafin gyaran ya bayyana a shafin, aikin kuma kan ɗauki mako 8 zuwa 12, wani lokaci har 16. Nawa ya fito cikin wa'adin, kuɗin suka faɗa asusuna kai tsaye.

Ga inda na ji ba daɗi. A waya ta ce mini dala 180. Sai da muka gama na tarayya ta ce akwai na jihar New York, fom IT-201-X, wanda doka ta ce a miƙa cikin kwana 90 da gyaran na tarayya, shi kuma dala 70 daban. Aikin dole ne, na yarda, amma ta san da shi tun kafin in zauna, ya kamata ta haɗa mini kuɗin gaba ɗaya tun farko. Na biyu, komai nata ta wata manhaja ake tura mata, ba ta karɓar hoto ta WhatsApp. Dalilinta na tsaron bayanai daidai ne, sai dai iyayenmu da Turancinsu bai yi ƙarfi ba za su sha wuya in ba da ɗa ko jika a kusa ba, ofishin kuma babu mai jin Hausa ko Faransanci.

Wani abu da ta faɗa mini ba tare da na tambaya ba ya kusa biyan kuɗin shi kaɗai. Da ta ji ina shirin ɗaukar nauyin mahaifiyata da fom I-864 don ta samu izinin zama a Amurka, ta ce in lura: takardar da ake kira Tax Return Transcript alƙaluman farko take nunawa, ba ta nuna gyara. Wadda ke haɗa na farko da abin da aka canza ita ce Record of Account. Da ban ji wannan ba, da takarda mai tsohon albashi zan haɗa.

Wanda gyaransa ɗan kaɗan ne kuma samunsa bai da yawa, ya fara tambayar cibiyoyin VITA, na 'yan sa-kai masu taya mutane cike takardar haraji, kyauta suke yi, wasunsu na karɓar 1040-X. Wanda zai biya kuwa ya duba sunan mutumin a kundin masu lasisi da ke shafin IRS, ya tabbatar ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN, wadda IRS ke ba masu cike wa mutane takardar haraji, a takardar, ya kuma tambayi kuɗin tarayya da na jiha a haɗe kafin ya zauna. A tafi da kwafin tsohuwar takardar cikakke, da sabuwar da ta jawo gyaran, da duk wasiƙar da hukuma ta aiko.