Bitar Kwana Biyu Ga Sababbin Lauyoyi: Abin Da Na Samu Da Naira 25,000

Bayan na kammala shekaru biyar na digirin shari'a a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na ƙara shekara guda a reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya da ke Bagauda, aka kuma rantsar da mu a Abuja, sai na tarar cewa kowa a gidanmu ya riga ya yanke mini hanya. A wurin Baba, lauya shi ne mai baƙar riga da hular gashi da ke tsaye gaban alƙali, wanda kuwa ba ya shiga kotu to karatunsa bai karɓe shi ba. Ni kuma watannin da aka tura mu kotu da ofisoshin lauyoyi domin sanin makamar aiki sun nuna mini cewa zuciyata ba ta can. A cikin wannan hali ne na biya Naira 25,000 na halarci wata bita ta kwana biyu da wani ƙaramin ofishin ba da shawara kan sana'a ya shirya a Kano domin sababbin lauyoyi.

Tallarsu ta yi alkawarin abu uku: laccoci, kundin bayanai, da ganawar minti talatin da mai ba da shawara ido da ido. Zauren yana da tsabta, an fara a kan lokaci, abincin rana kuma babu laifi.

Ranar farko ita ce ta biya kuɗin. Wata dattijuwar lauya da ta yi aikin gwamnati kafin ta koma kamfani ce ta jagoranci zaman safe, kuma maimakon ta cika mu da kirarin sana'a, sai ta ɗauki alƙalami ta rubuta shekaru a jikin allo. Wanda yake son zama alƙalin Babbar Kotu sai ya shekara 10 da zama lauya, Kotun Ɗaukaka Ƙara 12, Kotun Ƙoli 15, kamar yadda Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanada. Muƙamin Babban Lauyan Najeriya, wato SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975, shi ma ba a neman sa sai an cika shekara 10. Daga nan ta tambaye mu abin da muke shirin ci a tsawon waɗannan shekaru goma, zauren ya yi tsit. Wannan tambaya ita ce ta buɗe sauran hanyoyin, domin ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana faɗin ƙofar shiga kowace: Ma'aikatar Shari'a, inda Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta soma a 1967 kafin ta zama majistare, har ta kai ga zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012; Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 domin waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya; da kuma koyarwa a jami'a, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya yi kafin ya zama Antoni Janar na Jihar Legas a 1999.

Inda ta fi daɗewa, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne aikin da ba ya kai mutum kotu ko kaɗan. Ta bayyana cewa Dokar Kamfanoni ta 2020 ta sa lauya cikin rukunin mutanen da za su iya riƙe muƙamin sakataren kamfanin da jama'a ke da hannun jari a cikinsa, cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa manyan masu tara bayanan mutane su naɗa jami'in da zai kula da bin ƙa'idojinta, sannan Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta ƙara wa aikin masu shiga tsakani ƙarfi. Ta tuna mana cewa Legas ta buɗe zauren sulhu a ƙarƙashin kotu tun 2002, Kano ma ta bi sahu daga baya, kuma ɗan kasuwar Kwari da abokin cinikinsa ya riƙe wa kuɗi ya fi son a zauna a daidaita cikin mako biyu a kan a shekara uku ana ɗage zama. Ta kuma yi mana wani gargaɗi da mun karanta a Bagauda amma ba mu auna nauyinsa ba: ƙa'idojin sana'a sun hana lauyan da ke karɓar albashi a kamfani ya tsaya wa kamfanin a gaban kotu, don haka wanda ya zaɓi wannan hanya ya san cewa rigarsa za ta daɗe a rataye.

Da aka tashi shan shayi na same ta na ce, "Ranki ya daɗe, to me zan gaya wa mahaifina?" Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, ka ɗauki takardar yarjejeniyar hayar shagonsa ka karanta masa kurakuran da ke ciki, zai gane da kansa." Na yi hakan, kuma na samu guda biyu.

Rana ta biyu kuwa ta yi rauni ƙwarai. Matashin da ya gabatar da zaman ya ɓata kusan awa guda yana jero sunayen shahararrun mutanen da suka karanta shari'a, daga Gandhi da Mandela har zuwa Aminu Waziri Tambuwal, alhali babu wanda ya biya kuɗi domin a gaya masa cewa lauya yana iya zama gwamna. Abin da muke buƙata shi ne yadda ake rubuta takardar neman aiki a sashen shari'a na banki, da irin kwasa-kwasan da ake ƙarawa, da kuɗin da suke ci. Da wata daga cikinmu ta tambaye shi albashin da sabon lauya zai sa rai da shi, sai ya kewaye da maganar haƙuri da juriya, wanda a ganina rashin adalci ne ga mutanen da mafi yawansu iyaye ne suka sayar da wani abu kafin su kai wannan matsayi.

Babban giɓin da na gani shi ne shari'ar Musulunci. A bitar da aka yi a Kano, ga mahalarta da yawa da suka haɗa shari'ar Musulunci da ta zamani a digirinsu daga Zariya ko Jami'ar Bayero, ba a ware wa wannan fanni ko minti goma ba. Ba a ambaci hanyar zama Ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ba, duk da cewa ta nan Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad ya bi a Bauchi kafin ya kai ga shugabancin Kotun Ƙoli a 2019. Ba a taɓo bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa ba, alhali tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ake neman waɗanda suka san murabaha da ijara, wato sayar da kaya da ribar da aka amince da ita da kuma ba da haya, suka kuma iya tsara yarjejeniya. Rabon gado da wasiyya da waƙafi, waɗanda kusan kowane gida a nan yake cin karo da su, ko a kundin bayanan babu su. Kundin ma da alama an tsara shi ne da kasuwar Legas a zuciya, aka sauya bangon kawai.

Ganawar ido da ido da aka ce minti talatin ce ta tsaya a minti goma sha biyu saboda yawanmu, ba a kuma ba mu haƙuri ba. Duk da haka mai ba da shawarar ya yi amfani da lokacin, domin ya ja jan biro a kan rabin takardar tarihin karatuna, ya ce in cire jerin muƙaman ƙungiyar ɗalibai in sa ayyukan da na taɓa tsarawa da hannuna.

Wanda ya gama Makarantar Horar da Lauyoyi a Bagauda ko Bwari yana jiran tafiya hidimar ƙasa zai amfana da wannan bita, musamman idan zai nemi wurin da za a tura shi da idon basira. Wanda ya riga ya shekara biyu yana aiki, ko wanda zuciyarsa take ga shari'ar Musulunci, gara ya riƙe kuɗinsa. Na tambayi masu shiryawa ko za su yarda a biya rabin kuɗi a halarci ranar farko kaɗai, suka ce tsarinsu bai ba da wannan dama ba.